Wane Tuwo Ne Na Asali? Daga Kasuwar Sheme Zuwa Landan



Akwai kalmomi biyu da suka zama ruwan dare a allunan gidajen abinci na Abuja da Kaduna da Kano, wato "na asali" da "na gargajiya". Mutum zai shiga ya tarar an shimfiɗa tabarmi, an rataye faya-fayi da ludaya a bango, a kawo masa tuwon masara a akushi, sannan a miƙo masa takardar kuɗi mai nauyi. Ya fito yana cewa yau ya ci abincin kakanni. Wani kuma ya yi loma ɗaya ya taɓe baki, ya ce wannan ba irin na garinsu ba ne. Kowannensu yana auna kwanon da wani mudu da ke cikin kansa, kuma da wuya ka ga wanda ya tsaya ya tambayi shekarun mudun. Abin da za mu bi diddiginsa yau ke nan. Za mu fara daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, domin daga irin waɗannan wurare ake lodin hatsin da ake tuƙa tuwon na birni.

Masara baƙuwa ce

Wanda ya je kasuwar Ɗandume ko Sheme ko 'Yankara da kaka, ya ga yadda ake maƙare manyan motoci da buhunan masara, zai rantse haka ƙasar take tun fil azal. Alhali masara 'yar nahiyar Amurka ce. A ƙasar Mekziko aka fara noma ta, kuma ba ta shigo Afirka ba sai bayan 1492, lokacin da jiragen ruwan Turawa suka fara zirga-zirga tsakanin nahiyoyin. Sunanta ma ya tona mata asiri, domin daga "Masar" ya fito, wato dawar da ta zo ta gabas. Ko bayan ta iso ƙasar Hausa, ta daɗe tana 'yar bayan gida. Ana shuka ta kusa da danga inda taki ya wadata, a gasa ko a dafa ɗanyarta a toshe yunwar damina kafin gero ya nuna. Tuwon dare na dawa ne, fura kuma ta gero ko maiwa. Abin da ke kawo kuɗi a wannan yanki auduga ce, shi ya sa tun zamanin Turawa aka buɗe gonar irin auduga a Daudawa ta ƙasar Faskari, aka kafa injin gurzar auduga a Funtuwa.

Abin da ya juya lamarin ya faru ne a gaban idon iyayenmu. Bayan farin da aka yi a 1972 da 1973, gwamnati tare da Bankin Duniya suka buɗe manyan ayyukan bunƙasa noma guda uku a Funtuwa da Gusau da Gombe. Na Funtuwa ya kankama a 1975, ya game gundumomin Funtuwa, Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari, a lokacin duk suna cikin jihar da daga baya aka sa wa suna Jihar Kaduna. Aikin ya kawo takin zamani mai rangwame, da hanyoyin kai amfanin gona kasuwa, da malaman gona, da ingantaccen irin farar masara da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar. Manoma suka ga masara ta fi dawa amsa taki, ta fi ta saurin nuna, kuma tana da masaya a kudu. Injin niƙa ya bazu a ƙauyuka, ya ɗauke wa mata wahalar tsabar da ta fi ƙarfin dutsen niƙa. Kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, masara ta riga ta hau gadon sarauta a gonaki da tukwane.

Ke nan farin tuwon da ake kawo maka a akushi da sunan na kakanni, shekarunsa a matsayin abincin yau da kullum ba su wuce hamsin ba. Akwai tsofaffi a Sabuwa da Faskari da suka girme shi, kuma har gobe wasunsu suna cewa bai riƙe ciki kamar na dawa.

Mu leƙa tukunyar miya

Idan muka buɗe tukunyar miya, baƙin sun fi haka yawa. Barkono da tattasai da attaruhu duk 'yan Amurka ne. Haka tumatir, haka rogo, haka dankali, haka gyaɗa. Kafin barkono ya iso, masoro da kimba da citta ne ke ba miya zafi. Gyaɗa ba ta zama uwar ɗakin manomi ba sai da layin dogo ya isa Kano a 1911, kasuwarta ta buɗe a shekarar da ta biyo baya. Duk wanda ya san ba a yin tsire sai da ƙuli-ƙuli da barkono, to ya san yajin da muke alfahari da shi a kan baƙi biyu ya tsaya.

Wasu baƙin kuma ta hamada suka zo da ayarin raƙuma. Alkama da albasa da kanumfari sunayensu na Larabci ne. Alkubus daga kalmar Larabci ta burodi ya fito, gurasa ma daga can take. Ɗanɗanon da ake ce wa magi sunan wani ɗan ƙasar Suwizalan ne, Julius Maggi, wanda kamfaninsa ya fara yin dunƙulen a 1908, kuma sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 20 ya shiga tukunyar ƙauye ya fara ture daddawa gefe. Farin magi kuwa daga Japan yake.

'Yan gida na ainihi suna nan: dawa, gero, wake, kuka, kuɓewa, yakuwa, daddawar kalwa, man kaɗanya, man shanu, da jar shinkafar fadama wadda a nan Afirka ta Yamma aka fara noma ta. To amma wanda ya ce sai da waɗannan kaɗai zai yarda abinci na asali ne, sai ya haƙura da jar miyar tuwon sallah, da ƙuli-ƙuli, da ɗanwaken da aka sa wa garin rogo, da yajin da ake barbaɗa masa.

Wa ke cin abinci a waje?

Sai mu koma kan gidan abincin kansa. A al'adar Bahaushe, magidanci a gida yake cin tuwo, ko a ƙofar gida tare da maƙwabta, kowa ya fito da akushinsa a yi ciyayya. Malaman fiƙihu ma sun lissafa cin abinci a kasuwa cikin abubuwan da ke rage wa mai mutunci kwarjini. Saboda haka rumfar mai tuwo-tuwo tun asali ta baƙo ce, ta falke da ɗan koli da gwauro da ɗan cirani. Wannan yana da muhimmanci, domin abincin sayarwa bakin mai saye yake bi.

Sana'ar kuwa tsohuwa ce. Bature matafiyi Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya ba da labarin masu gasa nama a kasuwar birnin kusa da mahauta. Ya ga an kafa tsinkaye kewaye da wuta, an jera tsoka da kitse a jikinsu, ya kuma ce mace ce ke zaune da faifai a cinya tana raba wa masu saye. A lura da wannan, domin yau idan aka ga mace a tukubar tsire sai a ce ta shigo sana'ar da ba tata ba. A Batagarawa kuma, kusa da birnin Katsina, masaniyar tattalin arziki Polly Hill ta yi bincike a 1967, ta nuna yadda matan kulle ke tafiyar da babban ciniki daga cikin gidajensu, suna sayar da fura da ƙosai da sauran dafaffen abinci ta hannun yara masu talla. Gidan abincin Bahaushe na farko ba shi da allo, ba shi da kujera, kuma mai shi ba ta fitowa.

Da layin dogo na Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, sai ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu suka zo da nasu ciki. Ta hanyarsu sakwara da teba da amala da miyar agushi suka sami rumfuna a tashoshi da bakin kasuwanni, daga baya suka bi hanyar mota zuwa ƙananan garuruwa. Nan ma mai saye ne ya gyara kwanon. Mai abincin da ta ga direbobi da 'yan kasuwa Musulmi ne masu cika mata benci, dole namanta ya zama yankan mahautan gari, dole ta auna barkono da manja daidai bakinsu, wata ma ta ƙara tuwon shinkafa a gefe. Bahaushe ya ci ya ce ya ci abincin Yarbawa. Bayarben da ya zo daga Ogbomosho ya ci ya ce an Hausance shi. Ita kuwa tana ƙirga cinikinta.

Inda mu ne baƙi

Yanzu sai mu juya tabarmar, mu ga yadda abin yake idan namu abincin ne na baƙi. An kafa unguwar Sabo a Ibadan a 1916 domin Hausawa masu fataucin shanu da goro. Masanin zamantakewa Abner Cohen, a littafin da ya wallafa kan unguwar a 1969, ya nuna yadda matan masu gidajen sauƙar baƙi ke samun dukiya da dafa abincin sayarwa. Wannan abinci na 'yan uwa ne, an dafa shi ne don wanda ya baro gida. Amma abin da ya fita ya kama bakin mutanen kudu shi ne naman gashi, kuma da sabon suna ya fita. A Hausa, suya aikin mai ne da kasko. Abin da ake gasawa tsire ne ko balangu ko gashi. Mutanen Legas suka haɗa su duka suka ce "suya", sunan ya bi duniya, har a farkon 2025 aka sanar da shigarsa babban ƙamus na Turanci na Oxford. Kafin nan, a 2020, ƙamus ɗin ya karɓi "buka", wato ƙaramin gidan abinci, kalmar da ke da tushe a bukkar Bahaushe.

A Gana, shinkafa da wake ta zama "waakye". Ana dafa ta da karan dafi don ta yi ja, a ɗora mata taliya da gari da ƙwai da baƙin yaji mai kifi. Ɗan Ƙanƙara da ya saba da garau-garau da mai da yaji ba zai gane ta ba, amma a Accra da Kumasi an yi ittifaƙi cewa ta hannun matan zango ita ce ta asali. Haka tuwon zafi ya zama abincin ƙasa a can, haka koko da ƙosai. A Sudan kuma akwai "agashe", naman gashi mai garin gyaɗa da yaji, wanda Hausawan da suka zauna a kan hanyar hajji suka kai. Cikinsu har da jama'ar da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno. Wane ne zai tashi daga Katsina ya ce wa jikan waɗannan mutane agashensa jabu ne?

Sai dai neman "na asali" yana da nauyin da mai sana'a ke ɗauka. A biranen kudu, mai saye yana son ya ga mai tsire da hula da doguwar riga, yana yanka a kan tsohuwar jarida, yana Turanci a karye, a kira shi "aboki" ko an san sunansa ko ba a sani ba. Kuma ana son kayansa da arha, har da ɗanɗano kyauta. Idan ɗan wannan mai tsire ya yi karatu, ya buɗe shago mai gilashi da firji da ma'aikata, ya sa farashin da zai biya haya, sai a ce ya ɓata abin. Wato an yarda da ingancinsa ne muddin yana tsugune a bakin titi. Farfesa Krishnendu Ray na Jami'ar New York ya nuna irin wannan a Amurka cikin littafinsa na 2016: kuɗin da mutane ke yarda su biya wa abincin wata al'umma yana tafiya ne da matsayin da suka ba mutanen al'ummar. Mu ma ba mu tsira ba. Wanda zai biya dubbai a kan shawarma ko fiza bai ce uffan ba, shi ne zai tsaya yana ciniki da mai waina a kan miyar taushe.

Abin ba namu ba ne mu kaɗai. Mafi yawan gidajen abincin da ake kira na Indiya a Ingila 'yan Bangaladash ne ke da su, musamman mutanen yankin Silhet. A 2001 ministan harkokin wajen Birtaniya, Robin Cook, ya kira wata gasasshiyar kaza cikin miya, wadda waɗannan gidaje suka gyara don bakin Turawa, abincin ƙasar Birtaniya. Italiya da ake yi wa kirari da miyar tumatir ba ta san tumatir ba sai a ƙarni na 16. A Landan, gidan abinci mai suna Ikoyi da aka buɗe a 2017 ya sha suka daga wasu 'yan Najeriya da suka je neman dafa-duka irin ta gida suka tarar da wani abu dabam, duk da haka ya sami taurari biyu na Michelin, lambar yabon da ta fi kowace daraja a sana'ar. A watan Fabrairun 2024 kuma Adejoke Bakare, wadda ta tashi a Kaduna, ta zama baƙar mace ta farko a Birtaniya da gidan abincinta, Chishuru, ya sami tauraron. Cikin abin da ta riƙa kawo wa baƙinta har da sinasir.

Kwanon bai daina sauyawa ba

Mu dawo gida. Awara, wadda yau ba makarantar da za ka je a Faskari ko Ƙanƙara ba ka tarar da mai suyarta a bakin ƙofa ba, fasahar mutanen gabashin Asiya ce ta daskarar da madarar waken suya. A ƙarshen shekarun 1980 aka fara koya wa mata ita a Najeriya, ta ari suna daga "wara", cukun nono da ake sayarwa a ƙasar Yarbawa. Indomie ta shigo ƙasar a 1988, aka fara yin ta a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, ga shi yanzu teburin mai shayi bai cika ba sai da ita. Tuwo ya bar mara da akushi ya koma leda da kula. Yaron da aka haifa a 2010 zai girma yana kewar awara da yaji a matsayin abincin garinsu, kuma ba wanda ya isa ya ƙaryata shi.

Wani sauyin kuwa da hawaye ya zo. A ƙarshen watan Agustan 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, gwamnatin Jihar Katsina ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta kuma hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Irin wannan mataki a tukubar mai tsire ake fara jin sa. Inda zaman manomi da makiyayi ya lalace, ƙwaryar nono takan daina shigowa gari, sai mai fura ta koma kan madarar gari. Matan da aka raba da ƙauyukansu suka sami kansu a Funtuwa ko Katsina ko Kano, da yawansu kasko da murhu ne jarin da suka fara da shi. Idan irin wannan baiwar Allah ta dama maka fura da nonon gwangwani, ka ce mata ba na asali ba ne, ka faɗi gaskiya, amma ka bar babbar gaskiyar a baya.

Abin da ya shafe mu

Na kawo duk wannan ne saboda mu marubuta mun fi kowa sayar da "na asali" na bogi. A labaranmu da yawa, da zarar an ce ƙauye sai tuwo miyar kuka, da zarar an ce gidan mai kuɗi sai soyayyar shinkafa da kaza da lemon kwali. Ƙauyen ba shi da shekara, ba shi da damina ko rani, ba shi da kasuwa. Wannan bai da bambanci da faifan da aka rataye a bangon gidan abinci na Abuja: ado ne don mai kallo.

Idan labarinka a Sabuwa yake a 1960, tuwon dawa za a tuƙa, daddawa ce za ta ɗaga miya, kuɗin auduga ne za su sayo nama ranar kasuwa. Idan a 1985 ne, bari mu ji tsohon da ke ƙorafin farin tuwo, da ɗansa da ke lissafin buhunan taki. Idan a 2022 ne, nuna mana dalilin da ya sa nama ya ɓace daga miya, da wanda ya daina zuwa da nono. Kafin ka ajiye kwano a gaban tauraronka, tambayi kanka shekarar, da watan, da wadda ta dafa, da wanda ya biya. Amsar ba ta intanet. Tana wurin gwaggo da inna da kaka, kuma kullum raguwa suke yi. A wannan makon kowa ya sami tsohuwa ɗaya a danginsu, ya tambaye ta ranar da ta fara ganin magi da injin niƙa, da abin da ake ci kafin su, ya rubuta abin da ta faɗa da kalmominta.

Allah ya zaunar da yankunanmu lafiya, ya mayar da kowa gonarsa. Sai mako mai zuwa idan mai duka ya kai mu.